Muhawara: Yaya ake bin diddigin adadin kallon hotunan da muke ɗorawa a taswirar Google Maps?

Bakano Mai Kyamara:
Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma na ga babu inda ya dace in kawo ta sai wannan zaure, tunda a cikinmu akwai waɗanda suka riga ni fara ɗora hotuna a Google Maps da shekaru masu yawa. Na fara ne da wuraren da ke kusa da gida, wato Gidan Makama da Kasuwar Kurmi da Marinar Ƙofar Mata, sannan wata safiya na hau Dutsen Dala na ɗauko birnin daga sama. Manhajar tana nuna mini jimillar kallon da hotunana suka samu, tana kuma rubuta lamba a jikin kowane hoto, amma lambar ta yau ce kaɗai, don haka ba ni da hanyar sanin wane hoto ne yake ci gaba da tafiya, wane ne kuma ya tsaya tun bara. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, hoton da na yi sammako na hau dutse saboda shi, na zauna ina jiran fitowar rana, bai kai ko kusa da hoton ƙofar wani kantin magani da na ɗauka a tsaye ina sauri ba. Tambayoyina biyu ne: ta yaya kuke bin diddigin waɗannan lambobi wata bayan wata, kuma mene ne ainihin abin da lambar take aunawa?

Malamin Lissafi (Zariya):
Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan ɗauki tambayar farko, in bar ta biyu ga waɗanda suka fi ni sanin cikin na'ura. Jimillar da kake gani a saman shafinka tamkar mitar lantarki ce, wadda take tara abin da aka sha tun ranar da aka kafa ta. Mai son sanin abin da ya sha a watan nan dole ne ya rubuta lambar farkon wata da ta ƙarshensa, ya ɗebe ɗaya daga ɗaya. Haka nake yi da hotunana. A ranar 1 ga kowane wata nakan buɗe sashen gudummawata a kwamfuta, in shiga ɓangaren hotuna, in jera su bisa yawan kallo maimakon bisa ranar ɗorawa, sannan in kwafe lambobin guda 30 na sama zuwa jadawali. Jadawalin yana da gurbin sunan wuri, da gurbin ranar da na ɗora hoton, sai kuma gurbi ɗaya ga kowane wata. Wanda ba shi da kwamfuta, littafin rubutu da biro sun wadatar.

Ga misali don a fahimta, lambobin kuma na ƙirƙiro su ne don bayani kawai. A ce hoto na farko yana da kallo 40,000 a farkon wata, a ƙarshen wata ya zama 40,300. A ce na biyu yana da 2,000, ya koma 3,500. Wanda ya kalli jimilla zai ce na farko ya ninka na biyu sau 20, alhali a wannan watan na biyu ya samu kallo 1,500, wato 50 a kowace rana, na farko kuwa 300 kacal, wato 10 a rana. Na farkon yana cin tsohon arziki ne, na biyun shi ne mai rai. Wannan bambancin ba zai taɓa fitowa ba sai an ajiye lambobi na watanni a jere.

Injiniyan Kaduna:
Allah ya saka wa Malam da alheri, hanyarsa ita ce tushe. Sai dai wanda hotunansa suka kai ɗaruruwa zai gaji da kwafa da hannu, kuma idan ya tsaya a kan 30 na sama, sabon hoton da ya fara tashi daga ƙasa zai iya shafe watanni bai lura da shi ba. Akwai hanya ta biyu, ta shafin Google Takeout, inda kowa zai iya neman kwafin bayanan asusunsa. Idan ka zaɓi ɓangaren taswira kaɗai ka sauke, za ka samu hotunan da ka ɗora, kowanne da ƙaramin fayil na rubutu a tare da shi, a cikin fayil ɗin kuma akwai sunan hoton da lokacin ɗaukarsa da wani layi mai suna imageViews wanda yake ɗauke da adadin kallo. Mai ɗan sanin rubuta umarnin kwamfuta zai iya tattara dukkan lambobin zuwa Excel ko Google Sheets cikin mintuna kaɗan. Illarta ita ce cin data, domin hotunan da kansu suna saukowa tare da fayilolin, saboda haka ni nakan yi ta ne sau ɗaya a wata uku, a inda akwai intanet mai ƙarfi, tsakanin nan kuma in bi hanyar Malam.

Game da tambaya ta biyu, ga abin da na lura da shi a nawa jadawalin. Kowane wuri a taswira yana da hoton da yake fitowa a gaba, wanda mutum zai fara gani da zarar ya nemi wurin, ko a cikin manhajar taswira ko a shafin bincike na Google. Hoton da ya samu wannan gurbi shi ne yake kwashe mafi yawan kallo, sauran kuma sai wanda ya taɓa ya shiga ciki zai gan su, waɗanda suke yin hakan kuwa 'yan kaɗan ne. Kantin maganin da ka ambata, ana nemansa safe da yamma har da tsakar dare, kuma mai yiwuwa hotonka ne kaɗai ko kuma shi ne a gaba. Dutsen Dala kuwa yana da hotuna masu yawa da suka riga naka, mutanen da ke nemansa a taswira a rana guda kuma ba za su kai masu neman magani ba. Don haka a ganina lambar tana auna abu biyu ne, yawan masu neman wurin da matsayin hotonka a jerin hotunan wurin. Kyawun hoto yana taimakawa wajen samun gurbin, amma shi kaɗai ba ya kawo lamba.

Bakano Mai Kyamara:
Na gode, Malam, na gode, Yaya Injiniya. Yanzu na gane dalilin da ya sa wani hotona na wata tasha ya yi ta tashi na tsawon watanni, sai kuma ya lafa lokaci guda. Ashe ruwa ba ya tsami banza; yanzu na duba, na ga wani hoton ne ya hau gaba. Amma ku ba ni dama in yi wata tambayar da na san wasu ma suna da ita a zuci: shin yawan kallo yana ƙara wa mutum maki a tsarin Local Guides, wato shirin Google na masu ba da gudummawa a taswira, ko kuwa akwai wani kuɗi da ake biya idan lamba ta kai wani mizani? Na ga ana turo mini saƙon imel na taya murna idan hotuna suka haye wani adadi.

Injiniyan Kaduna:
Babu kuɗi, kallo kuma ba ya kawo maki. Tsarin Local Guides, wanda aka fara a 2015, yana ba da maki ne a kan aikin da ka yi, ba a kan yadda jama'a suka karɓe shi ba. Hoto ɗaya maki 5 ne, bidiyo 7, sharhi a kan wuri 10, gyaran bayani 5, ƙara sabon wurin da babu shi a taswira kuma 15. Matakai 10 ne tun 2017, kafin nan 5 ne. Ana kai mataki na 4 da maki 250, na 6 da 1,500, na 8 da 15,000, na 10 kuma da 100,000. Hoton da mutum ɗaya ya gani da wanda miliyan suka gani, makinsu ɗaya ne. Saƙon imel ɗin sanarwa ce kawai.

'Yar Damagaram:
Sallama gare ku duka. Na karanta bayanan Malam da na Injiniya, kuma ban musa lissafinsu ba, amma ina tsoron inda jadawalin zai kai matasanmu idan aka tsaya a nan. Duk wanda ya gane cewa lamba tana bin yawan masu neman wuri, abin da zai yi na gaba shi ne ya koma ɗaukar manyan otal da filin jirgi da manyan kantuna, ya yi ta gasar hawa gaba da mutane ɗari da suka riga shi, alhali waɗannan wurare ba su da buƙatar hotonsa. Masallacin Agadas, wanda tsohon birnin da yake ciki ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, baƙi daga ƙasashe da yawa sun ɗauke shi ta kowace kusurwa. A nan Zinder ma fadar Sarkin Damagaram da ke unguwar Birni ba ta rasa hotuna ba. Amma ku nemi ƙananan gidajen likita na bayan gari, ko lakwal ta unguwa, wato makaranta, ko wurin da ake shiga motar ƙauye, za ku tarar da suna a taswira babu hoto ko ɗaya, wani lokaci ma alamar tana tsaye a bayan ginin ko a wani lungu dabam.

Saboda haka a nawa littafin na ƙara gurbin da Malam bai ambata ba, inda nake rubuta yawan hotunan da wurin yake da su kafin in ɗora nawa. Hoton da na fi ji da shi na wani ɗan ƙaramin gidan haihuwa ne, wanda ya nuna ƙofar shiga da allon sunan wurin da bishiyar da ke gabansa. Kallonsa kaɗan ne a wata, amma na san wanda yake neman gidan haihuwa a wayarsa ba yawon buɗe ido yake yi ba, mai yiwuwa ma da mai naƙuda a bayan babur ɗinsa. Ban yarda a ɗora wannan kallon a sikeli ɗaya da kallon wanda hoton otal ya gifta ta gabansa yana neman wani abu dabam ba.

Malamin Lissafi (Zariya):
Malama, wannan gyara ne mai kyau kuma na karɓa, zan ƙara gurbin. Sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Jadawali ba ya gaya wa mutum inda zai je ɗaukar hoto, abin da ya faru kawai yake nuna masa, kuma shi ne ma zai tabbatar da maganarki. Da ba ki ajiye lamba ba, da me za ki san cewa ana neman gidan haihuwar nan a taswira kowane wata? Ni na ga hoton wata makarantar Islamiyya a jadawalina yana tashi a duk lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, ya sauka bayan nan, hotunan tashoshin mota kuma suna tashi gab da Sallah ƙarama da babba. Wannan ilimi ne game da buƙatun jama'armu, kuma jimilla ba ta bayar da shi.

'Yar Damagaram:
Gaskiya ne, Malam, ban ce a jefar da lissafi ba. Abin da nake cewa shi ne jerin da manhaja take bayarwa yana sa manyan lambobi a sama, ido kuma yana bin abin da ke sama. Idan ka kwafi 30 na sama kaɗai, hoto irin nawa na gidan haihuwar nan ba zai taɓa shiga littafinka ba.

Hajiya Mai Gidan Abinci:
Ku yi haƙuri in shigo da bakin 'yan kasuwa, domin mu ne ake ɗaukar wurarenmu. Ina da gidan abinci, kuma ina kula da shafinsa a taswira. A da shafin masu kasuwanci yana nuna mana adadin kallon hotuna, amma tun 2023 aka cire wannan ɓangare, abin da ya rage shi ne yawan waɗanda suka ga shafin, da waɗanda suka kira waya, da waɗanda suka nemi kwatancen hanya. A wurina waɗannan sun fi amfani, tunda mai neman kwatance ya riga ya yi niyyar zuwa.

Ga abin da nake so masu ɗaukar hoto su sani. Wani bawan Allah ya ɗauki allon farashin abincina shekarun baya, da kyakkyawar niyya, hoton kuma ya fito sarai. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin komai ya sauya, na sauya allo fiye da sau ɗaya, amma tsohon hoton yana nan ana kallonsa. Sai mutum ya zo da iyalinsa bisa wancan farashi, ya ga wani abu dabam, ya ɗauka ha'intarsa muka yi. Na tabbata a jadawalin mai hoton wannan yana cikin waɗanda yake alfahari da su, domin lambarsa tana hawa kullum. Don Allah, 'ya'yana, idan kuna duba lambobinku a farkon wata, ku riƙa duba ko abin da ke cikin hoton yana nan yadda yake. Farashi, da lambar waya a jikin allo, da lokacin buɗewa, duk suna tsufa.

Bakano Mai Kyamara:
Hajiya, wannan magana taku ta taɓa ni, domin ina da irin wannan hoton na wani wurin sayar da gurasa da tsire. Amma idan na goge shi, kallon da ya tara da makinsa duk za su tafi, ko ba haka ba?

Injiniyan Kaduna:
Haka ne, abin da ka goge yana fita daga lissafinka, da makinsa 5 da kallonsa. Shawarata ita ce ka koma wurin ka ɗauki sabon allo, ka ɗora, sannan ka goge tsohon, a jadawali kuma ka rubuta lambar da ya tsaya a kai da ranar da ka cire shi, don kada watan gaba ka ga jimilla ta ragu ka rasa dalili. Tunda an zo nan, bari in ƙara wani amfanin jadawali. Idan sabon hoto ya yi makonni lambarsa ba ta motsa ba, mai yiwuwa kai kaɗai kake ganinsa, bai fito ga jama'a ba. Gani ya kori ji: ka nemi wurin a wayar wani, ko ka buɗe burauza ba tare da shiga asusunka ba, ka duba ko hoton yana nan. Ɗora hotuna goma masu kama da juna na ƙofa ɗaya, ko hoton da aka rubuta talla a jikinsa, ko wanda aka ɗauko daga shafin wani, duk sun saɓa ƙa'idojin ɗorawa, kuma suna iya jawo a ɓoye su.

Dattijon Katsina:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar gogewa ta sa dole in yi magana. Na fara wannan harka tun zamanin Panoramio, wani shafi da wasu matasa biyu 'yan Sifaniya suka buɗe a 2005, Google ya saye shi a 2007, hotunansa kuma su ne suke fitowa a Google Earth a wancan lokaci. Shi ma yana da lambar kallo a jikin kowane hoto, mu ma mun riƙa duba ta kamar yadda kuke yi yanzu, muna kwatanta hotunanmu na Hasumiyar Gobarau da na Ƙofar Soro. An rufe shafin a watan Nuwamban 2016. Hotunana suna nan domin na ajiye asalinsu a gida, wasu hotunan na mutanen da suka sake su da lasisin kowa ya amfana kuma an kwashe su zuwa Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan da Wikipedia take ɗauka daga ciki, inda har yau ake amfani da su. Lambobin kallon kuwa yau babu mai tambayarsu.

Don haka ina goyon bayan Hajiya a kan allon farashi, amma ina roƙon kada a faɗaɗa maganar zuwa hoton gini ko titi ko kasuwa. Ɗana Bakano, kai shaida ne cewa shataletalen da ke gaban gidan gwamnatin Kano an rushe shi a watan Yunin 2023, kuma Kasuwar Sabon Gari ta yi babbar gobara a watan Maris na 2016. Wanda ya ɗauki waɗannan wurare kafin nan yana riƙe da abin da ba za a sake ɗauka ba, ko da lambarsa ta daina motsi. Irin wannan hoton idan ya daina amfani a taswira, a ajiye asalinsa da kwanan watansa, a kuma kai shi inda ake adana tarihi.

Abu na ƙarshe, kuma ina faɗarsa ne ga kaina kafin kowa. Mutum ya riƙa binciken zuciyarsa idan ya ga yana buɗe shafin nan sau biyar a rana, ko yana ɗaukar fuskokin matan da suka zo cefane a Kurmi ba da izininsu ba don ya ga irin wannan hoton yana jan ido. Tsakanin aikin taimakon jama'a da son a gani tazarar ba ta da yawa. Sau ɗaya a wata da Malam ya ambata ya yi daidai.

'Yar Damagaram:
Allah ya ƙara girma, Baba. Maganarku ta Commons ta tuna mini cewa a can mutum yana iya ganin maƙalolin Wikipedia da aka sa hotonsa a ciki, har da ta Hausa, ya kuma duba yawan masu karanta kowace maƙala rana bayan rana tun shekarun baya, wato tarihin lambar yana nan a buɗe ba sai ka rubuta da hannu ba. Akwai kuma Mapillary, wanda aka kafa a Suwidin a 2013, Facebook ya saya a 2020, inda ake ɗora hotunan tituna a jere kuma masu gyaran OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai suke zanawa, suke amfani da su wajen zana hanyoyi. Ni yanzu hoton gini mai tarihi nakan kai shi Commons, na ƙofa da allo kuma in sa a Google Maps, tunda nan ne masu neman hanya suke dubawa.

Bakano Mai Kyamara:
Na gode, Baba, na ji kuma na karɓa, Allah ya bar mu da ku. Na buɗe jadawali yau da gurabe kamar haka: sunan wuri, ranar ɗorawa, yawan hotunan da na tarar a wurin, ko hotona ne a gaba ko a'a, ko akwai farashi ko lambar waya a cikinsa, sai guraben watanni. Na shigar da 30 na sama kamar yadda Malam ya ce, na kuma ƙara duk wuraren da ni na fara sa musu hoto, saboda maganar Malama. Ranar Asabar in sha Allah zan koma wurin mai gurasa. Malam, tunda yau tsakiyar wata ne, in jira 1 ga wata kafin in ɗauki lambar farko, ko in fara da ta yau?

Malamin Lissafi (Zariya):
Fara da ta yau, ka rubuta kwanan watan a saman gurbin. Idan 1 ga wata ta zo ka ɗauki ta biyu, ka raba bambancin da yawan kwanakin da ke tsakani, sai ya yi daidai da sauran watannin da za su biyo baya. Ka kuma lura cewa lambobin ba kullum suke sabuntawa a kan lokaci ba, wani lokaci sukan tsaya kwana biyu ko uku sannan su yi tsalle, don haka kada ka yanke hukunci a kan hoto sai ka tara aƙalla watanni uku. Idan ka cika su ka kawo jadawalin nan zauren, ni ma zan kawo nawa da sabon gurbin Malama a ciki, mu kwatanta tashoshin Kano da na Zariya a makon Sallah.